An Wanke Bakin Habsu

A shekarar da hira ta waya ta iso Gummi, wasu samari da 'yan mata daga Gummi, Anka da Bukkuyum suka buɗe zaure a intanet, suka ƙirƙiri ƙauyen da babu shi a doron ƙasa. Kowa ya ɗauki mutum guda yana magana da bakinsa: wani mahauci, wata mai fura, wani liman. Abdulwahabu ɗan kabu-kabu, ƙato da gemunsa, tsohuwa ya ɗauka, ya sa mata suna Habsu.

Ba ƙirƙirarta ya yi ba. Habsu kakarsa ce, ita ta raine shi a Gwashi bayan rasuwar innarsa, bara aka binne tsohuwar. Matar nan ba ta taɓa miƙa masa tuwo ba zagi ba. Da zagi take tashinsa sallah, da zagi take gasa masa ƙafa in ya faɗi da babur. Tun da ta tafi babu wanda ya ƙara ce masa ja'iri, abin kuwa yana cinsa fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa. Amma in ya jingine babur a inuwar tasha ya fara latsa waya, sai maganarta ta riƙa zuwa masa da kanta.

"Kai ɗan nema, mai kai awa tulu," Habsu za ta ce wa mahauci, "naman jiya kaka son ba ni?"

Zaure ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, wani lokaci har da ƙwalla.

Ana nan sai yayan Mardiyya, 'yar Anka mai fitowa a mai fura, ya ɗauki wayarta ya ci karo da Habsu tana kiranta 'yar banza mai ƙafa kamar muciya. Bai tsaya tambaya ba, ya ƙwace wayar, ya kai magana gaban babansu. Sagir, ɗalibin da ya buɗe zauren, ya kafa doka: daga yau ba zagi, wanda ya yi a fitar da shi.

Abdulwahabu ya yi bayani har babban yatsansa ya gaji. Ya ce wasan kaka da jika ne, duk cikinsu wa bai tashi da shi ba? Sagir bai musa ba.

"Kakarka tana dariya in tana zagi," ya rubuto. "Waya ba ta dariya."

Aka nemi ra'ayin jama'a. Waɗanda suka fi kowa shewa da bakin Habsu su ne suka riga kowa goyon bayan doka, har da mahauci, wanda jiya-jiya yake roƙon ta ƙara masa. Haka mutane suke, sai sun gama ƙoshi da abu su tuna bai dace ba.

Abdulwahabu bai so ya rasa Habsu sau biyu ba, don haka ya bi doka. Da mahauci ya gaida Habsu, sai Abdulwahabu ya rubuta amsa da bakinta:

"Sannu ɗana, Allah shi yi ma albarka. A gaida mutanen gida."

Zaure ya cika da yabo. Liman ya ce wa'azinsa ne ya kama ta.

Abdulwahabu ya daɗe yana kallon rubutun. Ya san wannan muryar ma. Da ita Habsu ta tarbi ubansa, mutumin da ya watsar da shi tun yana goye, ranar da ya waiwayo Gwashi bayan shekaru. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta sa masa albarka, ba ta zage shi ko sau ɗaya ba har ya tafi.

Ya kashe wayar ya tada babur, bai ƙara leƙa zauren ba. Su suna can suna cewa tsohuwa ta tuba. Shi ya san fushi ta yi da su duka, har da shi.