Wanda Aka Goya a Kogi

Mikkos yana cikin jera busasshen kifi a kan teburinsa a kasuwar Korinti sai mai zaitun na kusa da shi ya zo da gudu.

"Kai gurgu, bar kifin nan! Shugabanku na yaƙin Farisa ya dawo, yana karanta littafinsa a babbar rumfa. An ce har da kai a ciki."

Mikkos ya bar wa matarsa Filina teburin, ya ɗingisa. Tun da ƙanƙarar duwatsu ta cinye masa yatsun ƙafa a wancan yaƙin bai ƙara sauri irin na yau ba. Ya tarar da shugaban nasu, Telesiyas, tsaye a kan dakali, gemu ya yi fari, riga sabuwa, yana warware naɗaɗɗiyar takarda.

"Da muka isa kogin," in ji Telesiyas da muryar da ta saba ba da umarni, "kibau suna zubo mana, sai wani soja mai suna Mikkos ya zauna a gaɓa yana kuka, yana kiran uwarsa. Na yar da garkuwata, na goya shi, na haye da shi."

Rumfar ta kece da dariya. Waɗanda suka san shi suka fara nuna shi da baki.

Mikkos ya san ƙarya ce. Shi ne ya goyi Telesiyas ran nan, kibiya kafe a cinyar shugaban, ruwa har wuya, mutumin yana yi masa amai a ƙeya yana alƙawarin gona.

"Ranka ya daɗe!" Ya kutsa gaba. "Ɗaga rigarka su ga tabon cinyarka. Wa ya goyi wani?"

Telesiyas ya dube shi da murmushi. "Ga shi nan, jama'a. Har yanzu muryar tana rawa." Aka sake dariya. "Kana da mai shaida, baba?"

Mikkos ya lissafa waɗanda suka gani da idonsu ran nan. Annoba ta kashe ɗaya, teku ta ci biyu, sauran an baro ƙasusuwansu a hanya.

Telesiyas ya sauko, ya rungume shi a gaban mutane har wasu suka yi tafi, sannan ya sa baki a kunnensa.

"Ban manta ba. Har warin guminka ina tunawa. Amma wa zai zauna ya saurari labarin shugaban da aka goya kamar jariri? Dubbai sun mutu ban rubuta sunansu ba. Kai ka gode."

Ya shafa masa kafaɗa, ya koma kan dakalinsa.

Da Mikkos ya dawo, ya tarar da teburinsa cike da mutane. Kifin da ya yi kwanaki ƙuda na bi har ya fara wari, Filina tana ta naɗe shi a ganyen ɓaure tana miƙawa.

"Ga shi ya iso!" in ji wani attajiri mai zobba. "Tsoho, yaya ka ji a tsakiyar kogin?"

"Nauyi," in ji Mikkos.

"Nauyin me, kai da kake bisa bayan mutum? Yi mana kukan dai. In ka yi, na saye kwandon nan duka."

Mikkos ya juya wajen matarsa. Ita ce ta yi shekaru tana jin labarin na gaskiya daga bakinsa, har ta haddace. Ba ta ɗago ba.

"Garin sha'ir ya ƙare tun shekaranjiya," ta ce a hankali. "Yi musu."

Ya dubi kwandon. Ya dafa tebur, ya zauna a ƙasa kamar mai zama a gaɓar kogi, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Inna," ya ce.

"Ƙara murya!" in ji attajirin. "Na baya ba su ji ba."