Faifan Da Ya Yi Gudu

Shekara arba'in da biyu Stevan bai yi wa Ljuban magana ba, kuma duk mai son kiɗan rok a birnin Novi Sad ya san dalili. A wasan da ƙungiyarsu ta yi a 1981, wanda aka naɗa aka buga a faifai, Ljuban mai ganga ya yi ta gudu kamar ana bin sa da sanda. Stevan, mawaƙinsu, bai lura ba a kan dandamali. Sai da faifan ya fito ya ji muryarsa ta sirance tana haki a bayan kiɗa, ya kori Ljuban a gaban kowa. Shi kuwa Stevan in ya yanke hukunci, ko uwarsa ba ta isa ta tanƙwara shi ba.

Bana wani kamfani ya ce zai sake fitar da faifan, aka ba Jelica, injiniyar sauti, tsohon tef ɗin ta tace shi. Ranar Talata da hantsi ta kira Stevan sitidiyo.

"Kawu Stevan, zauna tukuna. Ka ji wannan gunjin a ƙarƙashin kiɗa?"

"Wutar lantarki ce. Cire shi, ai aikinki ke nan."

"Zan cire. Amma gunjin wuta muryarsa ɗaya ce, ba ya hawa ba ya sauka. Na tef ɗinku ya hau. Na'urar da ta naɗe ku tana jan ƙafa a ranar, shi ya sa in an kunna tef ɗin a na'ura mai lafiya komai ke gudu."

"Yarinya, ina wurin fa."

"Kana wurin, Kawu, amma faifai ka yarda da shi."

Ta rage saurin har gunjin ya koma inda ya kamata. Muryar Stevan ta cika, gangar ta zauna daram, babu gaggawa ko ta bugu ɗaya. Sau uku ya sa ta maimaita. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Washegari ya tsallaka kogin Danube da 'yar na'urar sauraro a aljihu, gyararren kiɗan na ciki. Ya tarar da Ljuban a bayan gida da matarsa Radmila, suna gasa jan tattasai na ajiyar hunturu.

"A'a! Wa ya mutu?" in ji Ljuban da ƙarfi.

"Ba wanda ya mutu, tsohon banza. Saurari wannan."

Ya maƙala masa abin ji a kunne. Ljuban ya tsaya yana kallonsa, can ya cire ya miƙo masa.

"Ai ba ya ji," Radmila ta ce, ko kai ba ta ɗago ba. "Shekara shida ke nan. Ganga ta cinye kunnuwan. Rubuta masa muke yi."

Ta goge hannu ta miƙo wa Stevan littafi da fensir.

Stevan ya so tef ɗin ya yi masa maganar, shi ya tsaya a gefe da girmansa. Ya cika shafi guda da bayanin na'ura da gunjin wuta, ya karanta, ya ga duk kewaye-kewaye ne. Ya yage shi. A sabon shafi ya rubuta: Ba ka yi sauri ba. Na zalunce ka.

Ljuban ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe a kan layin nan ɗaya.

"Na sani," ya ce, muryarsa har maƙwabta. "Hannuna ne, ya za a yi ban sani ba? Kai nake jira ka sani." Ya tura masa kujera da ƙafa. "Zauna ka ɓare tattasai, Stevan. Tsayuwa ba ta yi wa tsoho kyau."