Hannu Ɗaya Kowane Gida

Da hukuma ta ce za a daina fito da jirgi, sai ta kawo wa mutanen ƙauyen zane biyu na hanyar ƙetare kogi. In gada aka zaɓa, dole ta yi tsayi don manyan jirage su wuce, gangarenta kuwa zai cinye lambunan bayan gari. In rami ne ta ƙarƙashin kogi, bakinsa zai faɗa kan jerin gidajen bakin ruwa. Za a yi taro, kowane gida hannu ɗaya.

Gidan su Tham yana cikin jerin. A lambunsu na bayan gari kuma, gindin mangwaro, aka binne surukinta, kusa da shi ɗanta na fari, wanda bai cika wata huɗu ba.

Ana gobe taro ta je wurin tsoho Sau, mai kwashe ƙasusuwa cikin tulu idan za a canza wa mamaci makwanci.

"Kawu Sau, in an tona, za a same su?"

"Surukinki tsaf zan kwaso shi, har da haƙorin gwal ɗin da yake mana yanga da shi." Ya yi dariya, sannan ya bari. "Jariri kuwa, 'yata, shekara uku cikin ƙasar nan mai ruwa? Laka kawai zan zuba miki a tulu."

A gida uwar mijinta ta riga ta yanke. "Rami za mu zaɓa. Gida ana sake ginawa."

"A ina, Ma? A filin da suka nuna mana bayan kamfanin siminti? Da 'yata Nhan da ko a nan ƙirjinta ke kuka?"

"Yaron da ke kwance a lambu, ke kika haife shi. Ke kuma za ki sa motoci su riƙa bi ta kansa."

Mijinta Luom bai ɗaga kai daga kwanon shinkafa ba. "Tham ta je," ya ce. "Ni gobe ina da fito."

"Kullum kana da fito in ana neman namiji," in ji tsohuwar.

An yi taron a makarantar firamare, ana yayyafi. Tham ta zauna a ƙaramin benci, Nhan na kan cinyarta, tana jin numfashin yarinyar ta cikin riga. Da aka ce masu son gada, ta gyara yarinyar zuwa hagu, ta ɗaga hannun dama. Malamin da ke ƙirga ya daɗe bai iso layinsu ba, amma ba ta sauke hannun ba.

Gada ta ci. Gidan zai tsaya.

Da yamma tsohuwar ta ɗauki turare da ɗan kofin madara ta nufi lambu. Tham ta saɓa Nhan ta bi bayanta. A bakin shinge tsohuwar ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Koma gida," ta ce. "Kin riga kin yi wa ɗanki sallama a makaranta."