Tsohon da Ke Cikin Wayoyi Biyu

Tunda aka fara maganar zaɓe, gidan Mama mai ɗinki ya koma kamar gidan haya. 'Ya'yanta biyu, Dogo bakanike da Auta ɗan makaranta, ɗaki ɗaya suke kwana, amma ko gaisuwa ta daina haɗa su. Kowa da jam'iyyarsa, kowa ya dulmiya kai cikin waya. Dogo ya ce Auta na bin azzalumai, Auta ya ce ai Dogo ne ke bin su. Har Dogo ya haɗa kayansa a jaka, wai gareji zai koma da kwana. Jakar nan ita ta hana Mama sukuni. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai kukanta ga Allah a kowace sujada.

Ran nan da hantsi tana kan keke, sai ga wata budurwa ta yi sallama. Ta ce daga jami'a take, suna bincike kan yadda waya ke juya tunanin matasa game da zaɓe da shugabanni.

"'Yar nan, kin zo gidan da ya dace," in ji Mama, ƙafarta ba ta bar keke ba. "Ina da guda biyu, waya ta juya su har ta kifar. Ture yadin nan ki zauna."

Ta ƙwala wa Auta kira, ta buga wa Dogo waya. Ya iso yana goge baƙin mai a wando, ya tsaya a bakin ƙofa yana cin magani.

Budurwar ta ce, "Ba da tambaya muke farawa ba. Kowa zai miƙa wa ɗan'uwansa wayarsa, ya ga irin labaran da take kawo masa. Ban da saƙon sirri."

"Wa zai turo wa Yaya saƙon sirri da wannan hannun?" in ji Auta.

Mama ta danne dariya. Tsokana ce, amma dai magana ta fito.

Dogo ya ce shi ba mai taɓa masa waya. Mama ta ajiye almakashi ta dube shi. Ya miƙa.

Kowa ya duƙufa kan wayar ɗan'uwansa, sai tsaki jefi-jefi. Can Dogo ya zabura.

"Ka ga ƙarya ko! Bidiyon nan mutanenku ne ke dukan tsohon, amma nan an rubuta namu ne."

Auta ma abin da yake kallo ke nan a wayar yayansa. Suka jera wayoyin kan teburin yanka, tsakanin alli da awo. Tsoho ɗaya ne, da jar riga, kwandon lemonsa ya kife a titi, samari sun rufe shi da duka. Rubutun ƙasa ne kaɗai ya bambanta.

"Malama, to su wa suka doke shi?" Dogo ya tambaya, muryarsa ta yi sanyi.

"Wallahi ban sani ba," in ji ta. "Na gan shi a gidaje da yawa, ko'ina da jam'iyyar da aka liƙa wa."

Dogo ya sosa ƙeya. "Ni fa saboda tsohon nan na daina kula ka."

"Ni ma saboda shi ne, Yaya."

Mama ta leƙo ta saman tabarau. "Allah sarki, bawan Allah. A cikinku akwai wanda ya taɓa tambayar ko ya warke?"

Kowa ya ɗauki wayarsa daga kan teburin.

Daga nan budurwar ta yi tambayoyinta, suka riƙa rige-rigen amsawa. Mama ta hana ta tafiya sai da ta ci abinci, ta kuma ɗinke mata hannun jakarta da ya fara tsinkewa, tana ɗinki tana sa mata albarka har da iyayenta da malamanta.

Ba wanda ya sauya jam'iyya. Da la'asar ma musu suke a tsakar gida, murya har titi. Mama ta shiga ɗakinsu ɗauko wanki, sai ta ga jakar Dogo rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba komai a ciki. Ta tsaya ta ce Alhamdulillahi a hankali, sannan ta leƙa ta taga.

"Ku rage murya, 'yan siyasa! Wani ya zo ya kama min wankin nan."

Su biyun suka taso, suna tafe suna musu.