GPS Ɗin da Verna Ta Zaɓa

Hoyt mai shago ya zube na'urorin GPS biyu a kan teburin shagonsa, kowace kamar murfin kwalbar zuma mai doguwar wutsiya ta waya.

"Ga su nan, matar Delbert. Sai ki zaɓa da wuri, don ni yau da azahar zan rufe. Kin ga abin da ke tahowa?"

Verna ba ta so ta duba ba, amma ta duba. A talabijin ɗin da ke manne a bangon shagon, wani jan tabo mai nuna hadari yana rarrafe a kan taswirar yammacin Kansas. Ta kawar da kai, ta ciro rediyon mijinta daga jaka ta ajiye kusa da na'urorin. Rediyon hannu ne na saurare, wanda ke kamo maganar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da 'yan sa-kai masu gadin hadari. Kowace gunduma da nata tashoshin. Duk lokacin da Delbert ya ɗauki shanu ya tsallaka wata gunduma, sai ya tsaya gefen titi yana danne-danne da manyan yatsunsa yana ƙunƙuni. In aka jona masa GPS, rediyon da kansa zai san inda yake, ya saki tashoshin da aka baro a baya, ya kama na wurin da aka shigo. Gobe Delbert zai cika shekara saba'in, ita kuwa ta gaji da ba shi safa.

"Wanne ne zai yi?" ta tambaya.

Hoyt ya ɗaga mai baƙar waya. "Wannan ɗan gida ne, na sa hannu a wuta a kansa. Sai dai bakinsa ba ya shiga rediyon nan sai da wata 'yar mahaɗa, ita kuma ta ƙare, sai mako mai zuwa." Ya ɗaga mai ruwan toka. "Wannan bakinsa na shiga tsaf. Amma shiga daban, fahimtar juna daban. Rediyon mijinki tsoho ne kamar mai shi, sai an yi masa magana a hankali yake ganewa. Wasu GPS ɗin kuwa zuba suke kamar mai gwanjon shanu."

"To ka gwada mana."

"A ƙarƙashin wannan rufin kwano? Ba zai ga tauraron ɗan'adam ko ɗaya ba. Sai a fili, kuma karon farko yana ɗaukar lokaci." Ya tsaya, ya dubi rediyon, ya dube ta. "Tsaya tukuna. Delbert ya san kin ɗauko wannan?"

"In ya sani ai ba kyauta ba ce."

"Verna! A watan Mayu, tsakiyar lokacin guguwa, kika raba mutumin nan da kunnensa?"

Dariya ya yi, amma ita ba ta taya shi ba. Da safe sama tas take, ko gajimare babu. Delbert ya birkice gidan yana neman rediyonsa, ta ce masa ya duba aljihun wandon jiya, tana ɓoye murmushi a bayan kofin gahawa. Da ya gaji ya zare abin jinsa, 'yar na'urar da ke ƙara masa ji, daga kunnuwa biyu, ya ajiye a faranti kusa da wayarsa kamar kullum in zai yi walda, ya nufi rumfa shi da karensa. A rumfar nan rediyon ne kaɗai ke isa gare shi, don jona shi yake da wata tsohuwar lasifika da ke firgita kaji. Jiniyar gargaɗin guguwa ta gari kuwa ba ta kaiwa gonarsu ko da iska ta taimaka.

"Ba ni mai ruwan tokar," ta ce.

"In ya ƙi, ki dawo da shi."

"Na ji. Jona min kawai."

Tana fita daga shagon iska ta buge ta da zafi da danshi, kamar an buɗe tukunya. Ta ɗora GPS ɗin a gaban gilashin a-kori-kura, ta jingina rediyon a mazaunin kofi, ta kama hanyar yamma. Gida na da nisa, sai ta ratsa sauran wannan gunduma da wata gaba ɗaya. Gonakin alkama sun kwanta dama da hagu har ƙarshen gani, a can gaba kuma hadari ya taso ya tokare sama, ƙasansa baƙi, tsakiyarsa wani irin kore-kore. Tun tana yarinya ta san wannan launi, kuma ba ta taɓa ganinsa an tashi lafiya ba.

Ta saci kallon fuskar rediyon. Rubutu ɗaya ne yake ta ƙiftawa: babu saƙo daga GPS.

"Yi magana mana, ɗan banza," ta ce wa na'urar. Ta girgiza wayar, ta zare ta mayar. Shiru. Hoyt ya faɗa, ita ce ba ta ji ba. Ga ta a tsakiyar gundumar da ba tata ba, hadari a gaba, rediyon kuma bai san ya bar gida ba, yana can yana laluben tashoshin da ya saba. Ko me ke faruwa a kan hanyar da take bi, ba mai gaya mata.

Sai rediyon ya yi ƙara, shuuu, wata murya ta ɓullo daga cikin hayaniyar, nesa amma a fili. Dogon ƙarfen tashar gundumarsu yana kan tudu, a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa babu abin da ke tare magana. Verna ta gane muryar nan take. Ofelia ce, mai karɓar kira a ofishin 'yan sandan gundumarsu, yarinyar da ta taɓa koya wa ɗinki a majami'a.

"Mota ta uku, maimaita. Ka ce guguwar ta sauko?"

Muryar namiji ta amsa, yana haki. "Ta sauko! Ta taɓa ƙasa kudu da tsohuwar majami'ar Bethel. Babba ce, Ofelia, babba. Tana tafiya arewa maso gabas, ta riga ta ɗauke rumbun da ke bakin kwalbati."

A-kori-kurar ta karkace, tayoyi suka ci tsakuwar gefen titi. Verna ta taka birki har rediyon ya faɗo kan cinyarta. Ba ta buƙatar taswira. Daga Bethel in ka miƙe arewa maso gabas, kwalbati ne, sai makiyayar da ba kowa, sai layin itatuwan da surukinta ya dasa, sai rumfar Delbert.

Ta kira wayarsa. Ta san inda wayar take, a kan teburin kicin kusa da faranti, amma ta kira. Ta yi ta ringi har muryarsa ta ɗauka: "Delbert ne. Ina aiki. In shanu ne, ka sake kira." Ta katse, ta sake, sannan ta buga lambar ofishin 'yan sanda.

"Ofelia, Verna Unruh ce. Delbert yana rumfa, ba abin ji a kunnensa, rediyonsa yana hannuna."

"Wayyo, Mama Verna." Ana jin wasu wayoyi na kuka a bayanta. "Motar da ta fi kusa tana bayan guguwar, ba za ta riga ta ba. Maƙwabta fa?"

"Sun tafi kasuwar shanu tun asuba."

"Zan tura mutum da zarar ta wuce. Mama, ke kina ina? Kada ki biyo hanyar nan. Kin ji ni? Ki tsaya inda kike!"

Verna ta sauke wayar. Ƙanƙara ta fara sauka, ɗai-ɗai da fari, sannan kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin motar. Ta gan shi ƙiri-ƙiri a ranta: ya ba ƙofa baya, hular walda ta rufe masa fuska, wuta na tartsatsi, yana 'yar waƙarsa da ba ta da kai. Ya kulle kansa ciki saboda iska na lalata masa walda. Ko kare ya yi haushi har muryarsa ta dushe, ba zai ji ba.

Ƙofa!

Bara 'yarsu ta sa aka haɗa wa babbar ƙofar rumfar injin da ake buɗewa da waya, don uban ya daina jan ta da ciwon kafaɗa. Delbert ya raɗa mata suna ƙofar ragwaye, ya ƙi a sa masa abin a wayarsa. A ta Verna aka sa. Ta lalubo shi, ta wuce shi, ta dawo. Hoton ƙofa ya fito, a rufe. Ta danna.

Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa.

"Ya Ubangiji, kada a ɗauke wuta. Ba yanzu ba."

Tana buɗewa, in ji wayar. Verna ta jira har ta kai sama, ta danna ta sauko, ta sake danna ta hau. In bai ji ba ai zai ga haske ya canja a bango. In bai ga haske ba ai iska za ta kaɗa masa riga. Zai juyo ya zagi ƙofar ragwaye, in ya juyo kuwa ƙofar kudu maso yamma take kallo.

"Juyo, tsoho. Juyo ka zage ni. Delbert, juyo!"

A cinyarta rediyon ya ce, "Ta tsallake makiyaya. Ina ganin itatuwan gidan Unruh, tana... Ofelia, ta shiga itatuwan."

Ta sake dannawa. Da'irar ta juya, ta juya, sai rubutu ya fito cewa an rasa hanyar sadarwa da ƙofar.

Ba ta san lokacin da ta tayar da motar ba. Ofelia ta ce ta tsaya, amma ƙafarta ba ta ji wannan magana ba. Ƙanƙara ta tsaga gilashin gaba daga kusurwa zuwa kusurwa, ta sunkuya tana leƙe ta inda ya rage. Ruwa ya zo kamar an kifar da kogi, ya wuce. Rediyon yana ta lissafa ɓarna, turakun lantarki a kwance, shanu a kan titi, tirela a kife, amma ba wanda ya ambaci sunan mijinta, ita kuma ta kasa tantance ko hakan daɗi ne ko akasinsa. Addu'ar da ta iya tun ƙuruciya ta ɓace mata, sai sunansa kawai take maimaitawa.

Da ta karyo kwanar gidansu rana ta fito, fes, kamar ba ita ba. Itatuwan surukinta sun zama sanduna tsirara. Gidan yana tsaye, rabin rufinsa babu. Inda rumfa take kuwa sai daɓen siminti, an share shi tas, injin walda kaɗai ne a kife a tsakiya. Babbar ƙofar tana can cikin alkama, a naɗe kamar takarda.

Ta fito ba ta kashe mota ba. "Delbert!" Ta tuna ba zai ji ba, ta ƙara ƙwala kiran duk da haka. Hular waldarsa tana rataye a jikin waya mai ƙaya, tana lilo. 

Sai ta ji haushi, can ƙasa-ƙasa, daga bayan gida.

Wani reshe ya faɗo a kan murfin ramin da suke fakewa in guguwa ta taso. Ta ja shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, murfin ya ɗago daga ciki, kare ya fara fitowa, sannan furfurar Delbert, da jini kaɗan a goshi da ƙasa a gemu. Ya hau matakalar a hankali, ya dubi inda rumfarsa take, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ta, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Ƙofar ragwayen nan ta haukace! Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na juyo in ci mutuncinta, sai na ga abin a bakin itatuwa."

Verna ta kama gaban rigarsa da hannu biyu, ta kifa kai a ƙirjinsa. Warin hayaƙin walda yake. Ya dafa bayanta a ruɗe, kamar mai lallashin maraƙi.

"To, to, tsohuwa. Ai ga ni."

Ita ce ta shiga kicin ta taka fasassun kwanuka ta ɗauko masa abin jinsa, suna nan a faranti ko motsi ba su yi ba. Da ta fito ta same shi a bakin a-kori-kura, rediyon a hannunsa, yana juya na'urar mai ruwan toka.

"Ashe ke ce ɓarauniyar," ya ce yana cusa abin a kunne. "Wannan fa?"

"Kyautarka ce. Ta gobe."

Ya danna nan, ya danna can, ya karanta fuskar rediyon, ya girgiza kai. "Wa ya sayar miki? Hoyt? Ai wannan ba ya magana da nawa. Dubi, har yanzu rediyon yana zaton bai bar gida ba. Da na kirki ne, da tun a gari ya saki tashoshinmu ya kama na can." Ya fara naɗe wayar a yatsunsa. "Ranar Litinin sai a mayar masa, ya ba mu mai aiki."

Daga nesa jiniyar motar da Ofelia ta turo tana matsowa. Verna ta miƙa hannu ta karɓe na'urar, ta ƙarasa naɗe wayar da kanta, ta zura a aljihun rigarta. Da GPS ɗin ya yi aiki, da ba ta ji muryar Ofelia ba.

"Ka sayi naka mai aikin," ta ce. "Wannan ba inda za shi."