Ranar da Nynke Ta Samu Maki Sha Tara

Wiebe irin mutanen nan ne da ke ɗaukar duk takarda mai lamba tamkar jarrabawa. Bayan kowane wata uku, idan ya kai 'yarsa Nynke asibitin yara, akan ba su takardar tambayoyi kan asmarta. Tambayoyi huɗu nata ne, ta zaɓi fuska mai dariya ko mai ɓacin rai. Uku nasa ne, ya faɗi kwana nawa ta yi tari ko numfashi ya sarƙe mata. Sau uku a jere suna samun maki ashirin da biyar cikin ashirin da bakwai, kuma babu wanda bai ji wannan lamba ba a gidan burodin da yake aiki.

Ran nan Likita Postma ta ce idan yau ma haka ya fito, za ta rage wa yarinyar maganin shaƙa na safe da yamma.

Nynke, mai shekara tara, ta tsaya a tambaya ta biyu, biro a baki.

"Yi sauri, 'yar tsohuwa, kekunanmu na shan ruwa a waje," in ji Wiebe. "Mai dariyar nan ce, kamar kullum."

"Baba, cewa suka yi idan ina gudu. Ai ni ba na gudu."

"Yo ba ƙwallo kike bugawa duk Asabar ba?"

"Gola nake. Ba kai ne ke cika mana kunne a bayan raga ba?"

Likita ta ɗago kai. "Nynke, wa ya sa ki a raga?"

"Ni na roƙa, tun bara. Idan na yi gudu ƙirjina fito yake kamar usur, sai yara su tsaya suna kallona. A raga babu abin da ke samun mutum sai sanyi."

Shekara guda Wiebe yana shelar cewa 'yarsa da tsaron raga aka haife ta, har safar hannu mai kyau ya sayo mata. Ashe ɓuya take yi, shi kuma yana tafi.

Likita ta miƙa mata sabuwar takarda, ta ce ta amsa kamar wadda ke buga gaba. Nynke ta cika a nutse. Maki sha tara. Ba a rage magani ba, aka ma ƙara wanda za ta shaƙa kafin wasa, su dawo bayan mako shida.

A wajen kekuna ta ce, "Na faɗi, ko Baba?"

"Warwas," in ji shi, yana goge mata sirdi da hannun rigarsa. "Manya biyu da takarda sun shekara ba su gano ba, sai ke."

Nan cikin yayyafi ya kira mai horar da su ƙwallo a waya.

"Jelle, ka nemi wata gola. Tawa gaba za ta buga."

"Ta iya kuwa?"

"Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba tukuna."