Zuƙar Nelida a Kan Faifai

Waƙar ta shiga mako na huɗu tana ta ɗaya a gidajen rediyon Montevideo, amma Anibal bai taɓa sauraronta don jin muryarsa ba. Duk inda aka sa ta, a bas ko a shagon aski, jira yake a zo inda ganga da jita suke ɗauke numfashi kafin amshin ƙarshe. A cikin ɗan shirun nan akwai wata gajeriyar ƙara, ƙurrr, wadda kowane ɗan ƙasar ya sani tun yana goye: kukan ƙoƙon shayin mate idan an zuƙe shi da bututu har gindi.

Nelida ce ta zuƙa. Ƙanwa ce ga Hilario, makaɗin gangar ƙungiyarsu, ita kuma ke zuba musu mate ranar da suka ɗauki waƙar, cikin hunturun 1968. Awa biyu kacal aka ba su a ɗakin ɗaukar sauti. Sau takwas suna ɓatawa. A na tara komai ya zauna daram, muryar Anibal ta fita kamar ba tasa ba, domin tana kusurwa da filas a hammata tana kallonsa. Abin kunya ne a bar ruwa a ƙoƙo, don haka ta zuƙe nata tas, ta manta jar fitilar ɗaukar sauti na kunne. Ta toshe baki da hannu, idanunta na dariya. Lokaci ya ƙare, haka aka buga faifan.

Bayan wata biyu ta hau jirgin ruwa zuwa Sidni, inda aka ce ana neman masu ɗinki. A bakin jirgin Anibal yana da magana cike da ƙirji, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ki riƙa sa rigar sanyi."

Wata safiya Don Osvaldo, mai kamfanin faifan, ya kira su ofis yana murza hannu.

"Yarana, kun haye! Wani kamfani a Buenos Aires, can ƙetaren kogi, zai buga ku, daga can har ƙasashen waje. Abu ɗaya suka ce: a cire wannan ƙazamar ƙarar."

"Ba za a cire ba," in ji Anibal.

"Kai Siriri, me ka sha da safen nan?"

"Maigida, mutane na son wurin. A wajen rawa har kwaikwaya suke."

"Mutanenmu ke nan. Baƙo ya ji, cewa zai yi kwata ce ta toshe."

Hilario ya kwashe da dariya. "Rabu da shi, Don Osvaldo. Ba mutane yake ji ba. Shekara biyu yana zuwa gidanmu wai koyon kiɗa, ya cinye mana tsiren Lahadi, ko sau ɗaya bai dubi gangata ba."

"Rufe mana baki, Ƙato."

"In rufe? Da kai ka buɗe naka, da yanzu suruki nake kiranka, ba sarkin gwauraye ba."

Anibal ya sunkuyar da kai. Sabon faifan shi ne zai ƙetare teku. Wata rana Nelida za ta ji shi a can, ta kasa kunne tana jiran kanta, ta tarar an share ta. Amma su huɗu ne a ƙungiyar, ukun kuma sun zuba masa ido, matar ɗayansu ma cikinta ya tsufa.

"To, a cire," ya ce. "Amma a gabana."

Mai haɗa sautin ya ɗora zaren da aka naɗi waƙar a kai a na'ura, ya juya shi gaba da baya da hannu har ya kamo wurin, ya yi masa alama da farin fensir. Reza ta sauka sau biyu. Ya liƙe bakin da ya rage, ya tura guntun da ya yanke gefe zai share. Anibal ya riga shi ɗauka. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ruwan ƙasa, ba nauyi, kuma babu na'urar da za ta iya kunna shi shi kaɗai.

A kan matakala ya tare Hilario.

"Ba ni adireshinta."

"Yanzu? Bayan ta kai ƙarshen duniya?"

"Ƙato, don Allah."

Hilario bai yi dariya ba wannan karon. Ya rubuta masa a bayan kwalin sigari.

Shafi bakwai Anibal ya rubuta, ya yaga shida. Ya naɗe guntun zaren a cikin na bakwai. Matar gidan waya ta ce wasiƙar jirgin ruwa mako shida take yi kafin ta isa, amsa ma haka, in akwai.

A mako na biyar da aika wasiƙar, waƙar ta zama ta ɗaya a Buenos Aires. Anibal yana tsaye a layin burodi da rana tsaka aka sako ta a rediyo daga ƙetaren kogi. Ganga ta tsaya, jita ta tsaya, shiru ya wuce fes. Wata tsohuwa a bayansa ta taɓa shi ta ce layi ya matsa.